Yawon Ɗalibi a Ƙasar Urdun

Malaminku ya ce in ba ku labarin ƙasar da na tafi karatu, da abin da na gani can. To, ku saurara.

Sunan ƙasar Urdun, Turawa kuwa suna ce mata Jodan. Ƙasar Larabawa ce. Tana arewa da Saudiyya, kudu da Siriya. Babban birninta Amman. Ta sami mulkin kanta a shekarar 1946. Yawancinta hamada ce, tana kuwa cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ruwa a duniya.

Karatun Larabci ya kai ni. Muna da yawa, daga ƙasashe dabam dabam. Mukan shiga aji daga Lahadi zuwa Alhamis. Jumma'a da Asabar ne ranakun hutunsu. A ranakun hutun nan malamanmu kan fita da mu yawo, yawon kuwa yana cikin karatu. Ga dalili. Larabcin littafi dabam, na kasuwa dabam. A littafi, in za a tambaye ka abin da ka ke so, sai a ce, "Maza turidu?" Amma mai kanti a Amman cewa zai yi, "Shu biddak?" Kun ga wanda ya kulle kansa a ɗaki da littafi kaɗai, ko burodi sai ya sha wuyar saye.

Kafin in ci gaba, ku riƙe awo biyu. Mita ɗaya ta ɗara yadi ɗaya kaɗan. Kilomita 8 kuwa mil 5 ke nan.

Fitarmu ta fari muka tafi Jarash, kamar kilomita 50 arewa da Amman. Tsohon birni ne na zamanin Rumawa, ya kusa shekara 2,000. Akwai wani dogon titi da aka shimfiɗe da duwatsu, ga ginshiƙai dama da hagu. Har yanzu ana ganin gurbin da ƙafafun keken doki suka ci a jikin dutsen. A ƙarƙashin titin akwai magudanar ruwa. Girgizar ƙasa ta rushe yawancin birnin a shekarar 749.

Fita ta biyu muka gangara Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Mataccen Teku. Duk duniya babu busasshiyar ƙasa da ta kai bakinsa zurfi, gama ya fi mita 400 ƙasa da fuskar babban teku. Gishirinsa ya kusa ninka na babban teku sau goma. Babu kifi a ciki. In ka kwanta bisa ruwan ba ka nutsewa, sai ka yi ta yawo kamar ƙwarya. Amma in ɗigo ɗaya ya shiga idonka, ka ji kamar barkono. Tekun nan yana janyewa, kowace shekara yakan sauka kamar mita ɗaya. Babban dalili shi ne, an tare yawancin ruwan Kogin Urdun da ke zuba cikinsa, an kai gonaki da birane.

Fita ta uku ita ce Batra, wadda Turawa ke kira Petra. Tana kudu, fiye da kilomita 200 daga Amman. Waɗansu Larabawa fatake da a ke kira Nabatawa suka sassaƙa ta a jikin jan dutse, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Fataucin turare ya arzuta su. Hanyar shiga wani tsagi ne tsakanin duwatsu biyu, tsawonsa ya ɗara kilomita ɗaya, a wani wurin faɗinsa bai wuce mita 3 ba. Kana fita daga tsagin sai ka yi arba da wani gini mai tsayin kusan mita 40. Ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, sassaƙa ce zalla. Ana ce masa Hazna, watau taska, domin mutanen da sun zaci akwai dukiyar Fir'auna a cikin tulun dutse da ke ƙwanƙolinsa. Har harbinsa suka yi ta yi da bindiga don ya fashe, ga tabon harsashi nan. Tulun kuwa dutse ne cur, babu kome ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Batra shi ne aikin ruwa. Ruwan sama kaɗan ne a wurin, amma dubban mutane suka zauna. Sun sassaƙa lambatu a jikin dutse, sun jera bututun yumɓu, sun haƙa tafkuna da rijiyoyin ajiya. Ruwan da ya sauka kan dutse sai ya bi lambatu ya shiga ma'aji. Sun kuma gina madatsa a bakin tsagin, suka huda dutse don ambaliya ta bi ta wata hanya. Da madatsar ta lalace, a shekarar 1963 ambaliya ta shiga tsagin ta kashe mutum fiye da 20. Bayan wannan aka sāke gina madatsa a wurin da Nabatawa suka yi tasu.

To, yanzu ga labarin hamada. Sunan wurin Wadi Ram, can kudu kusa da iyakar Saudiyya. Rairayi ne ja, da manyan duwatsu tsaitsaye kamar ganuwa. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Urdun yana yankin nan, sunansa Ummu Dami, mita 1,854. Mazauna wurin Larabawan daji ne masu raƙuma da awaki, ana ce musu Badawi. Su ne jagororinmu. Kwana uku muka yi muna tafiya a ƙasa, raƙuma na ɗauke da ruwa da kaya.

Kafin mu tashi, jagoranmu, wani dattijo, ya kafa mana dokoki. Ya ce a yi sammako tun da asuba, in rana ta take a nemi inuwar dutse a zauna, sai la'asar a tashi. Kowa ya rufe kansa da wuyansa da rawani, ya sa riga mai dogon hannu. Kowa ya sha ruwa kaɗan kaɗan tun bai ji ƙishi ba, a ƙalla lita 4 a yini, watau kusan galan guda. In fitsarinka ya yi ja, ruwan jikinka ya ragu ke nan. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Kada kowa ya rabu da ayari. Wanda ya ɓata ya zauna inda ya ke a inuwa, gama mai zama ya fi mai yawo saurin samuwa.

Wani abokinmu daga ƙasar sanyi ya ga kamar dokokin sun yi yawa. Ya tuɓe rawani, ya kuma riƙa tattalin ruwansa wai kada ya ƙare. Ran kwana na biyu, kafin azahar, kansa ya fara ciwo, jiri ya kama shi, ƙafafunsa suka ɗaure. Dattijon nan ya kwantar da shi a inuwa, ya jiƙa masa tufafi, aka yi ta yi masa fifita. Aka dama masa ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hankali. Ga yadda a ke haɗa shi, ku riƙe, gama yana amfani ga mai gudawa kuma: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Da yamma ya sami sauƙi, ya ƙarasa tafiyar bisa raƙumi. Dattijon ya ce da ya fara sambatu ko ya suma, da sai a nufi asibiti da shi nan da nan, domin zafin rana yana kisa.

Da dare muka so mu shimfiɗa a wani kwari mai laushin yashi. Dattijon ya hana. Ya ce ba a kwana a busasshen rafi ko da sama garau ta ke. Ruwa yakan sauka kan duwatsu can nesa, dutse ba ya shan ruwa, sai ya taru ya gangaro gaba ɗaya. Maganarsa gaskiya ce. A watan Oktoba na 2018 irin wannan ambaliya ta kashe mutum 21 kusa da Tekun Gishiri, yawancinsu 'yan makaranta ne da suka fita yawo. Ku ma da damina ku gargaɗi yara masu kiwo a kan wannan.

Hamada da dare sanyi gare ta, sai da bargo. Badawi suka sauke mu a tantinsu na baƙin gashin akuya. In ruwa ya taɓa gashin sai ya kumbura ya toshe kafofin saƙar. Suka gasa mana nama a rami, an rufe da yashi, suna kiransa zarb. Suka ba mu gahawa mai ɗaci a ƙaramin finjali. Da hannun dama a ke karɓa. In ka ƙoshi sai ka girgiza finjalin, in ba haka ba a yi ta ƙara maka.

Ran kwana na uku aka nuna mana zane da rubutu a jikin duwatsu. Masana sun ƙidaya zane wajen 25,000 da rubutu wajen 20,000 a yankin. Da yawa makiyaya ne suka yi su, wajen shekara 2,000 da suka wuce. Mutum ya zana raƙuminsa, ya rubuta sunansa da na ubansa a gefe. Saboda waɗannan da kyan wurin, a shekarar 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Wadi Ram cikin wuraren da a ke kiyaye wa duniya duka.

Iyayena, in Allah ya sa ɗanku ya sami tafiya karatu wata ƙasa, ku ce masa ya riƙe littafinsa, ya kuma fita ya ga gari. Ya gai da mutane, ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. In kuwa ya shiga daji, ya bi maganar ɗan ƙasa, ko da ya fi shi karatu.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Mai tambaya ya yi.