Kwalbar da ba ta da suna: jawabin wata 'yar ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, yayyena da ƙannena, manyan baƙi, ina gaishe ku. Allah ya maimaita mana wannan rana cikin lafiya, ya sa albarka a jarinmu.

Da aka ce in yi magana yau, na so in zille, domin ni ba likita ba ce, ba kuma malama ba. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma Hajiya ta ce, "Ke abin ya sama, ke za ki faɗa." To ga ni. Waɗanda ke kusa ku dubi yatsuna. A kan su zan yi magana.

Kun san sana'ata: kayan kwalliya. Man shafawa, jan baki, kwalli, farcen roba, gam. Da masu gyaran amare da masu shagon gyaran farce suka yawaita, sai suka fara tambayar wani ruwa da ake haɗa shi da fari ko jan gari a ɗora wa farce ya daskare ya yi tauri. Na ga akwai riba. Sai in sayo babbar kwalba, in dawo gida da daddare, in rufe ɗaki don kada yara su dame ni, in ɗauki mazurari in ɗura a ƙananan kwalabe. Idan ya zuba a hannuna, in goge da gefen zani. Warinsa na hawa kai, idona na ruwa, in ce ai kowace sana'a da wahalarta.

Bayan wasu watanni kan yatsuna ya fara ƙaiƙayi. Daga nan sai ja, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai fata ta tsage tana saɓulewa. Fatar idona ma ta kumbura. Na shafa man kaɗanya, na shafa man shanu, na sayi man shafawa a kemis kala uku. Har wata maƙwabciya ta ce mini in nemi tsari, wai hannu aka sa mini saboda ciniki. Wallahi na kusa yarda. Wanki ya gagare ni, tuƙin tuwo ya gagare ni, ko alwala sai ina cije baki.

Da na je asibiti wajen likitar fata, tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Hajiya, me kike taɓawa kullum?" Ta ce in kawo kwalbar. Na kai mata babbar, mai takarda a jiki. Ta nuna mini wani layi ta ce in karanta. Na haɗa baƙaƙen da kaina: M, M, A. Ta ce sunansa metil metakirilet, yana cikin dangin sinadaran da ake kira akirilet. 'Yan uwa, shekara guda kwalbar nan na hannuna, na iya karatu, amma ban taɓa juya bayanta na duba ba. Farashi kawai nake karantawa.

Ga abin da na koyo, daga bakinta da kuma abin da 'yata ta riƙa karanto mini daga baya.

Sinadaran akirilet kayan masana'anta ne. Da su ake yin fentin gida, gam iri-iri, roba mai kama da gilashi, har da haƙoran roba. Idan sun daskare sun bushe, cutarwarsu kaɗan ce. Haɗarin yana lokacin da suke ruwa. Suna cin fata, tururinsu na sa ido ja da hawaye, yana ƙona hanci da maƙogwaro, yana sa ciwon kai da jiri, yana iya tayar wa mai asma ciwonta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan: idan kina yawan taɓa shi, wata rana jikinki zai iya ƙin sa gaba ɗaya. In ya ƙi, ya ƙi ke nan, yawanci har ƙarshen rai. Ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da ciwon. Likitar ta ce duk ranar da zan je a cike mini haƙori, ko a yi mini aikin gwiwa ko ƙugu, dole in faɗa wa likita, domin irin wannan sinadari na cikin wasu kayan da suke aiki da su. Kun ga ribar da na ci.

Kuma ba sabon abu ba ne. Tun cikin shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka janye kayan farce masu zallar MMA daga kasuwa, saboda koke-koken mata da farcensu ya lalace. A ƙasashen Tarayyar Turai kuma, tun 2021, kayan farce masu wani ɗan uwansa da ake rubutawa HEMA ƙwararru kaɗai aka yarda a sayar wa. Mu nan ko yarinya 'yar shekara goma aka aiko, sai mu miƙa mata. Maganar alwala da farcen roba na bar wa malamanmu, ni lafiyar jiki nake magana.

Ta ƙofa uku wannan dangi ke shigowa kasuwarmu.

Ta farko ita ce ruwan farcen nan. Ban da cin fata, yana kama wuta ƙwarai. Ko da sanyin hunturu tururinsa na iya kamawa, balle zafin watan Afrilu da muke wuce digiri 40. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Wato yaron da ke rarrafe a gindinki ya fi ki shaƙa, kuma tururin na iya bin ƙasa ya je ya sami kaskon turaren wuta, ko risho, ko maganin sauro da kika kunna a lungu. Duk wadda ta ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da wuta ke yi wa jari. Kada a ajiye shi a rana ko gindin kwano, domin zafi na iya sa ya fara daskarewa da kansa a cikin mazubi, ya yi zafi, ya fasa shi.

Ta biyu ita ce sufa gulu, wanda kusan kowace mai tebur a nan tana sayarwa. Shi ma ɗan dangi ne. Danshi ke sa shi kamawa, shi ya sa yake manne fata cikin daƙiƙoƙi. Abu biyu nake so ku riƙe. Idan ya zuba da yawa a kan auduga ko atamfa, yana yin zafi har ya ƙona fatar da ke ƙasa, don haka kada a goge shi da auduga ko gefen zani. Na biyu, ƙaramar kwalbar gam ɗin farce tana kama da ta maganin ɗigawa a ido. An sha samun waɗanda suka ɗiga gam a ido cikin duhu. Kada ki taɓa haɗa su a jaka ɗaya ko a kan madubi ɗaya.

Ta uku ita ce duro da jarkokin da masana'antu suka gama da su, muke saye muna tara ruwa ko zuba manja da man gyaɗa. Ba kowane duro ne na abinci ba. Wani na masu yin fenti ne, kuma roba tana riƙe sinadari ko an wanke. Idan kika buɗe kika ji wari mai hawa kai, ki bar shi komai arharsa. Kada kuma a kai wa mai walda ya yanka duron ƙarfe da wuta, ragowar tururi na iya fashewa. Ragowar ruwan ma ba a zuba shi a kwata. A watan Fabrairun 2023 wani jirgin ƙasa ya kauce hanya a jihar Ohayo ta Amurka, cikin sinadaran da suka zube har da butil akirilet, aka kwashe mutanen garin, kifaye dubbai suka mutu a rafukansu. Namu kaɗan ne, amma kwatar da muke zubawa nan yaranmu ke wasa.

To idan tsautsayi ya faru fa?

In ruwan ya taɓa fata, a cire tufar da ta jiƙe, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. In ya shiga ido, a riƙa zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. In wari ya bugi mutum, a fitar da shi waje ya sha iska. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kuskure masa baki a ruga asibiti tare da kwalbar. In sufa gulu ya manne yatsu, kada a fizge, a jiƙa su a ruwan ɗumi mai sabulu ana murzawa a hankali. In fatar ido ce ta manne, kada a buɗe da ƙarfi, kada a sa ruwan goge jan farce kusa da ido ko baki, a wanke da ruwan ɗumi a kai wa likita.

Na ce "tare da kwalbar". Nan ne laifina ya fi girma. Kwalaben da na riƙa ɗurawa ba suna, ba alama. Wasu ma tsofaffin kwalaben maganin tari ne. Da ɗan wata a cikinku ya sha, likita ya tambaya me ya sha, me za ta ce? Har yau idan na tuna sai in yi istigfari.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su duba abu huɗu, mu sa su cikin ƙa'idar ƙungiya. Ɗaya, duk kayan sinadari da za mu sara da kuɗin ƙungiya ya zo a mazubinsa na asali, da takardarsa, da lambar NAFDAC idan kayan shafa ne. Biyu, mu daina ɗura shi a kwalbar lemo, ta ruwa ko ta magani. Uku, mu sari safar hannu mai suna naitiril, yawanci shuɗiya ce, mu raba a farashin sari. Farar nan ta roba da muka saba gani sinadarin na ratsa ta da wuri, ita ma shuɗiyar in ya zuba mata a canza. A yi aikin a fili inda iska ke wucewa, ba wuta, ba yaro a baya. Huɗu, a ajinmu na ranar Asabar a ware rana guda don karanta jikin kwalba.

Wadda ba ta fara karatu ba ma akwai abin da za ta iya tun yau. Ki duba hoto cikin jan layi mai kusurwa huɗu. Harshen wuta na nufin yana kamawa. Ƙoƙon kai na nufin guba. Ruwa na ɗiga a hannu na nufin yana cin fata. Wadda ta san baƙaƙe kuma ta nemi biyar ɗin nan a jere: a, c, r, y, l. In kin gan su, kin san da wa kike tare.

Ni dai na daina sayar da ruwan farce, hannuna ya warke, sai dai ranar da na yi kuskuren taɓa gam. Ban ce kowa ta bari ba, abincin wasu a nan yake. Amma mai saye ba ta ga masana'anta ba, ba ta ga dillali ba, mu ta gani, mu ta yarda da mu. Abin da muka sani mu faɗa mata.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ƙara haɗa kanmu.