Yadda ƙarfin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ke ƙaura daga yanki zuwa yanki

 Yau hirarmu a kan ƙwallon kwando ce, amma ba ta ƙwararru ta NBA da muka saba kallo ba. Ta jami'o'in Amurka ce, wadda hukumar NCAA ke shiryawa. Na san wani zai ce mu da ke fama da wutar lantarki ina ruwanmu da wasan ɗaliban Amurka? Ku yi haƙuri ku biyo ni, domin a cikin waɗannan ɗalibai yanzu akwai yaran Najeriya da Mali da Kamaru da Sudan ta Kudu, kuma kowace shekara ana zuwa neman wasu.

Da farko bari in shimfiɗa yadda abin yake. Jami'o'i sama da 350 ne ke buga babban mataki. An kasa su rukuni-rukuni, kuma asali kowane rukuni na yanki guda ne: akwai SEC a kudu maso gabas, ACC a gaɓar tekun Atlantika, Big Ten a tsakiyar arewa, Big East a arewa maso gabas, sai Pac-12 a yamma. A watan Maris ake zaɓar ƙungiyoyi su kara (68 ne a gasar 2025), wanda aka ci sau ɗaya ya tattara kayansa ya tafi gida. Tun 1939 ake wannan gasa. In ka bi tarihinta za ka ga ƙarfi bai taɓa zama wuri ɗaya ba, yawo yake yi, kuma duk lokacin da ya tashi akwai dalili.

Mu fara da birnin New York. Wajen 1950 nan ne cibiyar wasan. A shekarar, kwalejin CCNY ta cinye manyan gasanni biyu na ƙasar a kakar wasa ɗaya, abin da ba a taɓa maimaitawa ba. Shekara ɗaya bayan nan, a 1951, asiri ya tonu cewa 'yan caca na ba 'yan wasa kuɗi su rage tazarar cin da za su yi. Aka kama wasu, makarantun birnin suka ja baya. To amma yaran ba su daina wasa a filayen unguwanni ba, sai dai wasu suka fara zuwa suna kwashe su. Koci Frank McGuire, shi kansa ɗan New York, ya koma jami'ar North Carolina, ya dinga jawo yaran garinsu zuwa kudu. A 1957 ya ci kofi da su ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, wasa 32 a jere. A wasan ƙarshe Kansas suka kayar, alhali tana da Wilt Chamberlain. Kun ga ke nan: an haifi yaro a wani gari, an raine shi a wani gari, kofin kuma ya sauka a wani gari daban.

Sai kuma batun launin fata, wanda in ba ka san shi ba ba za ka gane taswirar ba. Manyan jami'o'in kudu sun daɗe ba sa ɗaukar baƙar fata. A lokaci guda kuma miliyoyin baƙaƙen fata sun riga sun yi hijira daga kudu zuwa biranen arewa irin su Chicago da Detroit da New York, suna gudun wariya, suna neman aikin masana'antu. 'Ya'yansu ne suka cika filayen wasa a can. A 1966 wata jami'a a El Paso mai suna Texas Western ta fito wasan ƙarshe da baƙaƙen fata biyar a fili, da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar daga New York da Detroit da Gary aka ɗauko su. Suka kara da Kentucky wadda duk 'yan wasanta farare ne, suka ci ta 72 da 65. Sai a shekarar da ta biyo baya ne Perry Wallace na jami'ar Vanderbilt ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar ƙwallon kwando ta wata jami'a wasa a rukunin SEC da tallafin karatu. Kudu ta rufe ƙofa da hannunta, ta kori gwanaye, ta zauna tana kallon wasu suna ɗaga kofi.

Su wa suka ci moriyar? Yamma na cikinsu. Jami'ar UCLA da ke Los Angeles, ƙarƙashin koci John Wooden, ta ci kofi goma tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere. Kuma babban tauraronta na wancan zamani, Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta aka san shi da Kareem Abdul-Jabbar, daga New York ya tsallaka ƙasar gaba ɗaya ya je Kalifoniya.

Daga nan sai talabijin ta shigo. A 1979 aka kafa rukunin Big East, kuma a wannan shekarar tashar wasanni ta ESPN ta fara watsa shirye-shirye. Tashar na neman abin nunawa, rukunin na neman masu kallo, sai suka dace da juna. Yaro na zaune a ɗakin uwarsa yana ganin Georgetown da Syracuse da St. John's da dare, gobe koci ya ƙwanƙwasa ƙofa, ai an riga an gama rabin zawarcin. A 1984 Georgetown ta ci kofi, kuma wadda ta doke ita ce Houston, inda ɗan Legas Hakeem Olajuwon ke wasa. A 1985 uku daga cikin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe duk 'yan Big East ne, Villanova ta ɗauki kofin.

Yanzu ku dubi abin da ya sami yamma. Arizona ta ci kofi a 1997. Daga nan har zuwa gasar 2025 babu wata jami'ar yamma da ta sake ɗauka a ɓangaren maza. Sun sha zuwa bakin ƙofa: Utah a 1998, Arizona a 2001, UCLA a 2006, Gonzaga a 2017 da 2021, San Diego State a 2023, duk a wasan ƙarshe aka tsayar da su. Ba wai Kalifoniya ta daina haifar gwanaye ba ne. Matsala ɗaya ita ce agogo. Tsakanin gaɓar yamma da ta gabas akwai bambancin awa uku, wasan da aka fara ƙarfe takwas na dare a Los Angeles, sha ɗaya ne a New York, mutane sun yi barci. Masu kallo kaɗan, kuɗin talabijin kaɗan. Ƙarshenta a 2024 rukunin Pac-12 ya watse: UCLA da USC da Oregon da Washington suka koma Big Ten, Arizona da Arizona State da Colorado da Utah suka koma Big 12, Stanford da California suka koma ACC. Makarantu biyu kacal aka bari a gidan, Oregon State da Washington State. Kuma ba ƙwallon kwando ce ta jawo wannan ba, kuɗin nuna ƙwallon Amurka, waccan ta kwalkwali da ture-ture, shi ya raba gidan. Yanzu ɗalibin Los Angeles zai hau jirgi ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasa ɗaya, sannan ya dawo ya shiga aji.

Kudun da ta rufe ƙofa a da, ita ce yau take tashe. A 2016 ƙungiyoyi uku kawai SEC ta samu a gasar Maris, ana yi mata dariya ana cewa ba ta san komai ba sai ƙwallon Amurka. Shugabannin rukunin ba su zauna ba. Suka ɗauko Mike Tranghese, tsohon shugaban Big East, ya ba su shawara. Makarantu kuma tun kafin nan sun fara kawo manyan koci: Bruce Pearl a Auburn, Rick Barnes a Tennessee, daga baya Nate Oats a Alabama. Suka gyara filaye, suka dinga neman karawa da ƙungiyoyi masu ƙarfi maimakon masu rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2025 ƙungiyoyi 14 cikin 16 na rukunin suka shiga gasar, adadin da babu rukunin da ya taɓa kai wa, kuma Florida ta ɗauki kofin bayan ta doke Houston 65 da 63.

Akwai kuma abin da ya taimaka musu daga waje. Jama'a sun juya akalar hijira, iyalai da yawa na komawa Atlanta da Houston da Dallas, saboda haka gwanayen yanzu a bayan gidansu suke girma. Sannan ga makarantun sakandare na musamman a jihar Florida, irin su Montverde da IMG, da ke tara yara daga ko'ina. Cooper Flagg ɗan jihar Maine ne, can ƙuryar arewa, amma a Montverde ya ƙarasa sakandare kafin ya je Duke.

To sai babban canjin: kuɗi a hannun ɗan wasa. Shekara da shekaru ɗalibi ba ya da izinin karɓar ko sisi ban da tallafin karatu, alhali koci na ɗaukar miliyoyin daloli. Daga ranar 1 ga Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu da hotonsu, wato su yi talla a biya su. A shekarar kuma aka sauƙaƙa sauya makaranta, ba sai ka zauna shekara guda ba ka wasa ba. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da wata yarjejeniya da ta ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Saboda haka zawarci ya daina zama na yaran sakandare kawai. Yau ƙaramar makaranta ta raini ɗan wasa, gobe babba ta ɗauke shi. Kuma wanda duk ya tara masu hannu da shuni zai iya jawo gwani daga ko'ina: AJ Dybantsa, ɗan Massachusetts da manyan makarantu suka yi ta nema, jami'ar BYU da ke Utah ya zaɓa.

Ina namu yaran a cikin wannan? Ku ji labarin Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya. Ya bi ta makarantar horarwa ta NBA da ke Senegal, ya fara wasa a Washington State, ɗaya daga cikin makarantu biyun da aka bari a Pac-12. A 2024 ya koma Florida, a 2025 ya ɗaga kofi. Tafiyarsa kaɗai ta isa ta nuna muku inda ƙarfin ya dosa. Ga Adama Sanogo ɗan Mali, wanda ya zama gwarzon wasannin ƙarshe lokacin da UConn ta ci kofi a 2023, yana azumin Ramadan a lokacin gasar. Ga Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu, da ya girma a Yuganda, ya bi ta makarantar Senegal ɗin, ya yi shekara ɗaya a Duke, aka zaɓe shi na goma a NBA a 2025. Mu ma a arewa ba baƙi ba ne a wasan. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya koyi ƙwallon kwando, ya tafi karatu Amurka, ya zo ya jagoranci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars kuma ta sha cin gasar ƙasa.

Shi ya sa nake kira ga iyaye da yayye da masu horar da yara. In wani ya zo ya ce zai kai ɗanku Amurka, ku tambaye shi sunan makarantar, ku nemi ganin takardar gayyata daga makarantar kanta, ku tambayi wa zai riƙe yaron, wa zai biya kuɗin asibiti in ya ji rauni. Kada ku ba wa kowa fasfon yaro ya riƙe. Kada ku yarda a rage masa shekaru, domin ranar da aka gano, karatun da wasan duk sun tafi. Ku sani kuma bizar karatu tana taƙaita irin aikin da ɗalibin waje zai yi ya sami kuɗi a cikin Amurka, don haka kuɗin tallan da kuke ji ana faɗa ba lallai ya zo hannunsa da sauƙi kamar na ɗan ƙasa ba. Sannan NBA mutum kusan 60 take zaɓa a shekara, daga duk duniya. Dubban sauran ɗalibai, abin da za su dawo da shi shi ne digiri, in sun tsaya sun kammala. Yaron da yake ta tsalle daga makaranta zuwa makaranta, ya tabbata darussan da ya ci suna bin sa.

Ga mu kuma a gida, darasin a fili yake. New York ta rasa matsayinta saboda maguɗi. Kudu ta yi asarar shekaru saboda ta ware wasu. Yamma ta ruguje saboda ba ta iya riƙe gidanta ba. SEC ta tashi saboda ta zauna ta tsara, ta kashe kuɗi a kan masu horarwa. Dogayen yara masu hazaƙa suna nan a Kano da Zariya da Jos da Maraɗi da Damagaram. Mu tambayi shugabannin makarantunmu da 'yan majalisunmu: fili nawa ke da kwando mai kyau a ƙaramar hukumarmu, kuma yaushe rabon da a yi gasar makarantun sakandare?

Nan za mu dakata a yau. In a garinku akwai filin ƙwallon kwando da ke aiki, ko wanda aka bari ya lalace, ku rubuta mana sunan garin a ƙasa. Ku tura wa duk wanda ke da yaro mai sha'awar wasan.