Cutar Ɗigo-ɗigo a Ganyen Dankalin Turawa: Yadda Za Mu Gane Ta, Mu Kuma Magance Ta

 

A Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Pankshin, dankalin Turawa shi ne abincinmu, shi ne kuɗin makarantar yaranmu. Saboda haka yau za mu yi magana a kan cutar da ke cin ganyensa tun kafin ya yi 'ya'ya sosai. Idan ganye ya mutu da wuri, dankalin da ke ƙasa ba zai yi girma ba, domin ganye ne ke yi masa abinci.

Ta yaya za mu gane ta? Mu duba tsofaffin ganye na ƙasa, domin nan take fara kamawa. Za mu ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, a bushe, da zobe a cikin zobe, sau da yawa kuma gefensu ya yi rawaya. Daga nan ɗigon su haɗu, ganyen ya bushe, cutar ta hau sama. Masana suna kiran ƙwayar da ke kawo ta Alternaria, irin funfuna ce. Iska da fallatsin ruwan sama ne ke yaɗa ta, kuma tana son raɓa da dare, rana da zafi.

Kada mu rikita ta da babbar cutar nan ta lokacin sanyi da yawan ruwa. Ita wannan tabonta baƙi ne, kamar an zuba wa ganye ruwan zafi, da safe kuma za a ga farin gashi-gashi a bayan ganyen. Tana iya cinye gona cikin 'yan kwanaki, don haka in mun gan ta, mu nemi malamin gona ranar nan.

Ga abin da za mu yi:

1. Mu canza shuka. Ƙwayar cutar tana zama a ragowar ganye da kara a cikin gona har shekara ta zagayo. Bayan dankali mu sa masara, acca ko wake na shekara 2 ko 3. Ban da tumatir da gauta, domin dangi ɗaya ne da dankali, cutar tana kama su.

2. Mu shuka iri mai lafiya. Dankalin da ke da baƙin tabo da ya lotsa ciki, a ware shi. Cibiyar binciken dankali da ke Kuru da malaman gona suna ba da shawara a kan iri.

3. Mu ciyar da gona. Shukar da ta rasa taki ita ce cutar ke fara kayarwa. Mu haɗa takin gargajiya da na zamani.

4. Mu bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin shuka, domin iska ta busar da ganye. Masu noman rani su yi ban ruwa da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye.

5. Mu yi feshi da zarar ɗigon farko ya bayyana. Maganin mancozeb yana kare ganyen da bai kamu ba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya mutu. A maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, a bi ma'aunin da ke jikin kwalin. A rufe hanci da baki, kada yara su matso, kada kuma a zuba ruwan sha a mazubin magani.

6. Mu yanke karan kamar mako 2 kafin haƙa, domin fatar dankalin ta yi ƙarfi. Mu kwashe karan, mu binne ko mu ƙone.

'Yan'uwa, iska ba ta san iyakar gona ba. In maƙwabci ya bar tasa, tamu ma za ta kamu. Mu riƙa zaga gonakinmu sau 2 a mako, wanda ya ga alama ya gaya wa na kusa da shi. Ƙungiyoyin mata da na matasa za su iya haɗa kuɗi su sayi injin feshi guda, a riƙa karɓa-karɓa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.