Ɗaga waya kan Dutsen Kwatarkwashi

Yau hirar tamu kan wata manhaja ce da wani ƙanena, ɗalibi a nan Gusau, ya haɗa don masu yawon buɗe ido. Irin fasahar nan ce da ake kira AR: ka ɗaga kyamarar wayarka kan abu, sai rubutu ko hoto ya hau kansa a allo. Wanda ya tuna wasan Pokémon Go na 2016 ya gane abin da nake nufi.

Shi Dutsen Kwatarkwashi ya zaɓa, wanda ke ƙaramar hukumar Bungudu, kan hanyar Gusau zuwa Tsafe. Kana saita waya, sai tarihin bikin kamun maiki ya fito. A ɗakinsa, da hoton dutsen manne a bango, abin gwanin sha'awa.

Na ce masa to, mu ba mutane su gwada. Masanin nan Jakob Nielsen ya daɗe da cewa mutum 5 sun isa su tono maka mafi yawan matsalolin manhaja. Sharaɗin kawai, ka miƙa waya ka yi shiru, kada ka nuna musu komai. Wallahi shirun nan ya fi komai wuya.

Muka tafi da hantsi, don kun san hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Matsala ta farko rana: farin rubutu kan dutse, ba a ganin komai. Kafin mutum na uku ya karɓa, waya ta ɗau zafi, caji ya zube. Sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, hotuna suka ƙi buɗewa.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne. Ya juya wayar, ya sake juyawa, ya ce, "Ɗana, ba ta magana ne?" Bai yi boko ba. Sai ya miƙo mana kayanmu, ya shiga ba mu labarin dutsen da bakinsa, har da abin da babu a manhajar.

Yanzu ƙanen nawa ya koma aiki: murya da Hausa, manyan haruffa kan baƙin shafi, kuma komai ya sauka cikin waya tun daga gida. Wanda ke da ƙaramar waya mai araha kuma yana son shiga gwaji na biyu, ya ajiye mana saƙo a ƙasa.