Kurciyoyi Biyu: Lacca a Kan Yadda Muke Koya wa Yara Haihuwar Almasihu

 Tun da lokacin ƙanƙane ne, zan faɗa kai tsaye cikin mas'alar da na daɗe ina jayayya a kanta da waɗansu abokan aikina malaman makarantar Lahadi, waɗanda galibinsu ga su nan zaune, sun kuma san matsayina tun ba yau ba.

A wajen aƙida babu saɓani tsakaninmu. Dukanmu mun yi ittifaƙi cewa haihuwar Yesu Almasihu baiwa ce daga Allah, wadda ɗan Adam bai saya ba, bai kuma cancanta ba, kamar yadda sura ta 3 ta Bisharar Yahaya da sura ta 2 ta wasiƙar Afisawa suka tabbatar. Ba zan ɓata muku lokaci da tarihin ranar kanta ba, gama kun san an riga ana kiyaye 25 ga Disamba a birnin Roma tun wajen shekara ta 336, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa sai 7 ga Janairu suke nasu bikin. Masu cewa a watsar da idin ɗungum domin nassi bai ambaci rana ba, hujjarsu ba ta kai a tsaya mata ba. Inda muka rabu shi ne, abin da muke faɗa wa yara da baki dabam, abin da muke nuna musu da hannu dabam, alhali kuwa duk wanda ya taɓa renon yaro ya san idonsa ya fi kunnensa saurin ɗaukar karatu.

Ku dubi abin da ke gudana a yawancin majami'unmu da yammacin ranar Kirsimeti ko kashegarinta. Akan kafa tebur a gaba, a jera masa littattafan rubutu da fensira da kofunan roba da kwalin biskit, sa'an nan a shiga kiran suna: wanda ya fi kowa haddar ayoyi, wadda ba ta taɓa fashi ba, wanda ya fi kawo baiko. Su fito cikin sabon ɗinki, a yi musu tafi da guɗa. Can a bencin baya kuwa ga wata yarinya da zanen bara, wanda uwarta ta wanke ta goge da daddare. Ta yi fashin makonni da yawa domin ita ce mai tallar ƙosai da safiyar Lahadi, ita ce kuma mai goyon ƙanenta sa'ad da iyaye suke gona lokacin girbi. Da safe malaminta ya ce mata Allah ya ba da Ɗansa kyauta ga kowa da kowa, da yamma ta ga da idonta cewa kyautar wannan rana ta masu ƙoƙari ce da masu hali, ta koma gida hannu rabbana. Ina tambayarku, tsakaninku da Allah, wanne daga cikin darussan nan biyu za ta riƙe har girmanta?

Yanzu bari mu koma ga nassi, domin a nan hujjata take, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da ni in daɗe a kanta. Al'adarmu ce mu karanta wa yara sura ta 2 ta Bisharar Luka mu tsaya a aya ta 20, inda makiyaya suka koma wurin garkensu, sai mu rufe littafi kamar labari ya ƙare, alhali abin da ya biyo baya shi ne ya fi kusa da rayuwar yaranmu. Luka ya faɗa mana an yi wa jaririn kaciya an raɗa masa suna a rana ta takwas, sa'an nan da kwanakin tsarkakewa suka cika aka kai shi Haikali a Urushalima, iyayensa suka miƙa hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan shila biyu. Wanda ya buɗe sura ta 12 ta Littafin Firistoci zai tarar da hukuncin a fayyace: macen da ta haifi ɗa namiji za ta yi kwana 7, ta ƙara 33, wato 40 cif, sa'an nan ta kawo ɗan rago bana ɗaya tare da tsuntsu guda, amma in ba ta da halin rago, Shari'a ta yi mata rangwame ta kawo tsuntsaye biyu. To, Maryamu da Yusufu rangwamen nan suka ɗauka. Luka bai tsaya ya ce mana su matalauta ne ba, ya dai nuna mana abin da ke hannunsu ranar da suka shiga Haikali, ya bar mai hankali ya gane.

Shin akwai yaro a ƙasar nan da zai kasa fahimtar wannan? Ya san ranar suna, ya san arba'in na mai jego, ya san gidan da aka yanka rago aka rarraba nama, ya kuma san gidan da aka yi abin a takaice domin maigida bai samu hali ba. Wataƙila ma gidansu ne. Idan ka zaunar da shi ka ce masa, Mai Ceton duniya a irin gida na biyun nan aka haife shi, mahaifiyarsa ta shiga ɗakin Allah da tsuntsaye biyu domin rago ya fi ƙarfinsu, kuma Allah bai ji kunyar wannan gida ba, shi ne ma ya zaɓe shi tun da fari, to ka ba shi abin da tafsiri mai shafi ɗari ba zai ba shi ba. Zai gane cewa baiwar ta sauka inda babu abin biya, saboda haka mustahili ne a ce ciniki aka yi. Manzo Bulus ya tattara wannan ma'ana a sura ta 8 ta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, inda ya bayyana yadda Ubangiji mawadaci ya ɗauki talauci domin mu wadata ta wurinsa. Kuma a ranar Haikalin nan ce wani tsoho mai suna Saminu ya karɓi jaririn a hannunsa ya yi wa Allah godiya, Hannatu gwauruwa mai yawan shekaru ita ma ta yi shaida. Su biyun ba su zo da kome ba sai jira da bege. Haka makiyayan: suna kwana a daji suna tsaron dabbobi, ba su yi haddar da ta fi ta kowa ba, ba su yi wanka sun sauya tufafi ba, albishir ya same su a bakin aiki.

Amma ku dubi wasan kwaikwayon da muke shirya wa yara. Tufafi mafi kyau da lokaci mafi tsawo na sarakuna uku ne, da rawuna da alkyabba, ɗauke da zinariya da lubban da mur, ga shi kuwa Matiyu bai ce sarakuna ne ba, bai kuma ƙidaya su ba. Masana taurari ne daga gabas, irin kyautai uku kaɗai ya lissafa, kuma mafassara da yawa suna ganin zuwansu ya biyo bayan ranar Haikali, tun da a cikin gida suka sami yaron. Ban ce a cire su ba, suna cikin nassi. Sai dai idan suka mamaye wasan, labarin yakan juya ya zama na manyan mutane masu kai wa Allah kaya, kurciyoyi biyun kuwa ban taɓa ganin an sa su a wasa ko sau ɗaya ba.

Game da Baba Kirsimeti mai jar riga, wanda a biranenmu sai an biya kuɗin shiga kafin yaro ya gan shi, wanda kuma ake cewa yara masu ladabi kaɗai yake ba kaya, magana ɗaya ta isa. Asalinsa Nikolas ne, bishop na Mira a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a ƙarni na 4, wanda ruwaya ta ce a ɓoye yake taimakon matalauta domin kada a san shi. Abin da ya iso gare mu kishiyar wannan ne, ba shi da gurbi a cikin majami'a.

Abokan aikina za su ce lada tana ƙarfafa yara su yi hadda, kuma ma'aikaci ya cancanci hakkinsa. Na yarda, shekara kuwa tana da mako 52, a zaɓi wani a yi jarrabawa a ba da lada. Waɗansu za su ce ina so in hana yara murna. Allah ya kiyaye; a dafa shinkafa, a yanka kaza, a buga ganga, a raira waƙa har dare. Abin da nake ƙi shi ne murnar da ake tace masu shigarta. Kada kuma mu manta cewa makarantar Lahadi kanta, sa'ad da Robert Raikes ya soma tasa a Gulosta ta Ingila wajen 1780, domin 'ya'yan talakawa masu aiki kwana shida a mako aka buɗe ta.

Akwai kuma batun harshe, wanda na sha faɗa a gaban kwamitoci ba a saurare ni ba. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, bayan wahalar da Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa suka sha, yau kuma akwai Sabon Alkawari cikin harsunan iyayenmu da dama. Amma sai ka iske yaro a ƙauye yana rera waƙar Turanci mai zancen dusar ƙanƙara, hunturu na tsaga masa leɓe, bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Baiwar da aka miƙa wa mutum cikin harshen da ba ya ji, yaya zai san tasa ce?

Ga abin da nake roƙon wannan taro ya zartar. A ɗauke rabon lada daga makon Kirsimeti baki ɗaya. In ikkilisiya tana da abin bayarwa a ranar, ko alewa ɗaya ce, a ba kowane yaro daidai wa daida, har da wanda ranar ce farkon shigarsa, kada kuma a kira suna. A daina ɗora wa iyaye kuɗin anko a matsayin sharaɗin shiga wasa ko ƙungiyar waƙa. A karanta Luka sura ta 2 har aya ta 40, da Hausa ko da harshen garin, a haɗa da hukuncin Littafin Firistoci, a kuma sa ranar Haikali cikin wasan kwaikwayo. Aikin nan kuwa ba na malamin Lahadi kaɗai ba ne. Martin Luta ya rubuta ƙaramar katekismarsa a 1529 domin maigida ya koyar da iyalinsa, saboda haka a buga karatun a takarda guda a raba wa iyaye tun farkon Disamba. Sa'an nan kwanon abincin da muka saba aika wa maƙwabta, kamar yadda 'yan'uwanmu Musulmi suke aiko mana ranar Salla, a ɗora wa yaran su kai da kansu, a fara da gidan gwauruwa da marayu da majinyata, a kuma gargaɗe su kada su tsaya jiran tukuici. Ina fata sakataren taro zai rubuta waɗannan, a tattauna su kafin a tashi.