Zangon Mako Guda na 'Yan Sikawut: Abin da Ya Kamata Iyayen Kunduru Su Sani

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa jama'ar Kunduru abin da ake kira zangon 'yan sikawut, wato fitar da yara 'yan makaranta daga gidajensu na tsawon mako guda su zauna wuri ɗaya a ƙarƙashin kulawar malamansu, su yi wa kansu girki da shara da wanki, domin duk uban da aka kawo wa takardar neman izini ya san abin da yake sa wa hannu, in kuwa zai ƙi, ya ƙi bisa hujja.

Asalin ƙungiyar 'yan sikawut daga Ingila yake. Wani hafsan soja mai suna Robert Baden-Powell, wanda ya yi yaƙi a ƙasar Asante ta Gana da kuma Afirka ta Kudu, shi ne a watan Agusta na 1907 ya tara yara maza 20, waɗansu 'ya'yan masu hali, waɗansu 'ya'yan talakawa, ya kai su wani ɗan tsibiri da ake kira Brownsea, suka yi kimanin mako guda suna kwana cikin tantuna suna koyon bin sawu da ɗaurin igiya da taimakon wanda ya ji rauni. A 1908 ya wallafa littafin da ya zama jagoran ƙungiyar, a 1910 aka kafa ɓangaren 'yan mata, a 1915 kuma harkar ta shigo Nijeriya, inda ta bi makarantu har ta iso ƙasar Hausa, sa'an nan a 1961 ƙungiyar Nijeriya ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar 'yan sikawut ta duniya. Ko da yake soja ne ya kafa ta, ɗan sikawut ba ya riƙe makami, ba ya kama ɓarawo, ba ya sintirin dare, saboda haka kuskure ne a haɗa shi da 'yan sintiri ko 'yan banga don kawai an gan shi da kaki yana fareti.

A ƙasashen Turai da Amurka an saba kai yara zango cikin duwatsu lokacin hutun bazararsu, domin hawan tudu da kaya a baya yana gwada juriyar yaro, yana kuma tilasta wa mai ƙarfi ya jira mai rauni. A Nijeriya ma akwai irin wannan wuri a duwatsun Shere da ke kusa da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, inda Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Koyar da Shugabanci take da makarantarta ta hawan dutse, ita ce kuma cibiyar da aka fi sani da Man O' War, wadda ta samo asali a 1951 a gaɓar tekun Kamaru. Amma abin lura shi ne, zangon farko na 1907 ba a kan wani tsauni aka yi shi ba, a tsibiri ne mai itatuwa da fili, kuma bai hana shi haifar da abin da ya haifar ba. Wannan ya nuna cewa amfanin zango ba daga tsawon dutsen yake fitowa ba, daga tsarin da aka ɗora yaran a kai yake fitowa, kuma tsarin nan ana iya shimfiɗa shi a filin makarantar Kunduru kamar yadda ake shimfiɗa shi a Shere.

Ginshiƙin tsarin shi ne rukuni, wato a raba yara kashi-kashi, shida zuwa takwas a kowane kashi, a naɗa musu shugaba da mataimaki daga cikinsu, a ba su suna na dabba ko tsuntsu, a kuma danƙa musu tantinsu da tukunyarsu da rabonsu na hatsi da mai da itace. Malami yana gefe yana lura, ba ya sa baki sai ya ga za a yi ɓarna ko za a ji ciwo. Idan wanda aka ba ɗebo ruwa ya tsaya wasa, rukuninsa ne zai makara da karin kumallo, idan wanda aka ba awon gero ya cika hannu tun ranar farko, kafin mako ya ƙare sai kunu ya yi ruwa-ruwa, kuma babu uwa a kusa da za ta rufa asiri. Ta haka yaro ɗan shekara 12 ko 13 yake gane da kansa cewa sakacin mutum ɗaya yana shafar jama'a, shugaban rukuni kuma yana gane cewa tsawa ba ta sa ruwa ya zo, sai lallashi da raba aiki bisa adalci da fara yin aikin da hannunsa.

Yinin zango yana farawa da sallar asuba cikin jam'i, domin alkawarin da kowane ɗan sikawut yake ɗauka ya fara ne da sauke haƙƙin Allah, kafin haƙƙin ƙasa da na sauran mutane. Bayan motsa jiki da karin kumallo sai a busa usur a yi duba, wanda shi ne zagayen da malami yake yi yana bincika tsabtar kowane rukuni: a naɗe tabarma, a shanya bargo, a kife kwanuka wankakku a kan ɗan gadon kara da yaran suka ɗaure da igiya, a share murhu, a duba farce da haƙora. Da hantsi ake darussa, irin su karanta taswira, da gane gabas da arewa ta hanyar rana da inuwa da taurari, da ƙulle-ƙullen igiya iri-iri, da yadda ake mayar da ƙyallen wuyan ɗan sikawut majanyin rataye hannun da ya karye. Da la'asar ake aikin taimakon gari, kamar yashe magudanar ruwa ko dasa itatuwa ko gyaran maƙabarta, bayan isha'i kuma a kewaye wuta a yi tatsuniya da kacici-kacici, dattijo ya ba da tarihin gari, sa'an nan a ƙirga yara ɗaya bayan ɗaya kafin a kwanta.

Yawancin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina, domin aikin gayya, inda samari suke taruwa ƙarƙashin sarkin samari su nome gonar dattijo ko su yi wa gajiyayye yaɓe, ya riga sikawut zuwa, haka kuma 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani a filin Idi da wuraren wa'azi suna kan irin wannan tafarki na horo da hidima. Yaron da yake kiwo tun yana ƙarami ya riga ya san ɗaurin talala da zarge, ya san itacen da yake ci da wuta ko da ruwa ya taɓa shi, don haka a zango yakan zama malamin ɗan birni. Abin da zango yake ƙara masa shi ne tsari da kiyaye lokaci da sanin dalilin abin da yake yi.

Ta fuskar lafiya, akwai ƙa'idojin da ba a sassautawa. Ruwan sha sai na burtsatse ko wanda aka tafasa, masai kuma a haƙa shi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a ajiye sabulu ko toka a bakinsa, domin amai da gudawa suna saurin yaɗuwa inda jama'a suka taru. Kowane yaro ya san haɗa ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama, kada kuma ya cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, inda kububuwa da kasa suke fakewa. Idan maciji ya sari yaro, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya, sai a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a garzaya da shi asibiti, don haka dole ne mota ko babur ya kwana a zango, a kuma san hanya mafi sauri zuwa babban asibitin Kankiya. Wanka a kududdufi haramtacce ne, haka nan tsayuwa a kan dutse ko ƙarƙashin doguwar bishiya idan hadari ya taso, saboda tsawa.

Babban abin da yake zukatan iyaye shi ne tsaro, kuma tsoron nan yana kan gaskiya. Ba a manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, waɗanda sai bayan kusan mako guda aka sako su. A irin wannan hali, kai yara su kwana cikin daji ko gindin wani dutse da ba kowa ganganci ne, komai kyan niyyar mai shiryawa. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a yi zango cikin gari, a makarantar da take kewaye da gidaje, da sanin Mai Gari da Hakimi da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da jami'an tsaro, idan kuwa hali bai ba da damar kwana ba, yara su zo da sassafe su koma gida kafin magariba, tsarin rukuni bai ragu da komai ba. Fita zuwa wani dutse ko fili a bayan gari kuwa, sai da rana, sai da amincewar jami'an tsaro a ranar, ba tare da an yayata lokaci da hanya a Facebook ko WhatsApp ba.

Sai batun lokaci. Dogon hutun makarantu yana faɗowa cikin Agusta, tsakiyar marka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, gona kuma take bukatar kowane hannu, saboda haka manomin da ya ce ba zai saki ɗansa a wannan lokaci ba bai yi laifi ba. Hutun Disamba ya fi dacewa da wannan yanki, domin an gama girbin gero da dawa, hatsi yana rumbu, sauro ya ragu, sai dai a tanadi bargo da rigar sanyi saboda hunturu. Kuɗi ma bai kamata ya hana ɗan talaka ba, tunda kowane yaro zai iya kawo kwanon gero ko wake daga gida, ajin makaranta ko rumfar zana kuma za su iya maye gurbin tanti, kuma ba a korar yaro don ba shi da kaki. 'Yan mata su ma suna da haƙƙin wannan horo, a nasu wuri daban, da rana, ƙarƙashin malamai mata da iyaye mata da gari ya yarda da su.

Saboda haka ana kira ga kowane uba da kowace uwa, kafin su ba da izini, su tambayi sunayen malaman da za su kula da yara da adadinsu, da wurin kwana, da inda ruwan sha zai fito, da ma'aikacin lafiyar da zai kasance kusa, da kuma ko hukuma ta sani a rubuce. Ana kuma roƙon Mai Gari da ƙungiyar iyaye da malamai su kafa kwamiti da zai riƙa duba waɗannan sharuɗɗa, su kuma buɗe wa iyaye ƙofa su leƙa zango duk lokacin da suka so. Idan sharuɗɗan sun cika, a bar yara su je. Idan aka rasa ɗaya, a ɗage har sai an cika shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba Kunduru da jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa.