ASIRIN YAƘI DA HAƘƘIN MAJALISA A BAKIN IYAKAR ZAGGA

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Zagga da kewayenta



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne ƙungiyoyin asiri da gwamnatoci suke kafawa a lokacin yaƙi, da kuma ko wakilan jama'a suna da haƙƙin sanin abin da ake yi da sunan jama'ar. Wani zai ce wannan zancen Turai ne, ina ruwan mutumin Zagga da shi? To, kowa a nan ya san cewa daga Bagudo, in aka haye Kwara aka bi ta Illo zuwa Lolo, ko aka bi ta Kaoje zuwa Tsamiya, ba a daɗewa ake shiga ƙasar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975. Wannan iyaka da Ingila da Faransa suka shata mana tun yarjejeniyarsu ta 1898 ta taɓa zama bakin daga.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, aka kafa gwamnatin Vichy mai biyayya ga Hitler. Gwamna-Janar na Faransa da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi Vichy, don haka Dahomey da Nijar suka bi ta tare da shi. Cadi kuwa, a ƙarƙashin Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle a watan Agusta na wannan shekara. Ke nan tun daga tsakiyar 1940 har zuwa Nuwamba 1942, lokacin da Boisson ya sauya sheƙa bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Arewacin Afirka, Lardin Sakkwato yana kewaye da ƙasar da Turawan Ingila ba su yarda da ita ba, yamma da arewa. Bafatake da ya saba kai kaya Malanville ko Gaya, da Bafulatani mai bin makiyaya zuwa Kandi, sai suka wayi gari kowane ɓangare yana yi musu kallon ɗan leƙen asiri.

A cikin wannan hali ne Churchill ya kafa wata hukuma ta ayyukan ɓoye, wadda aka fi sani da SOE, a watan Yuli na 1940, ya sa ta a hannun minista Hugh Dalton. Aikinta shi ne ɗaure wa masu tirjiya gindi a ƙasashen da abokan gaba suka mamaye, da ɓarnata kayan yaƙi, da baza jita-jita. Abin da ya shafi batunmu shi ne, tun ranar da majalisar ministocin yaƙi ta amince da kafa ta, ta kuma yanke cewa ba a son wata tambaya game da ita ta shiga jerin tambayoyin Majalisar Wakilai. Kuɗinta daga asusun asiri yake fitowa, wanda 'yan majalisa suke amincewa da jimlarsa ba tare da sun ga yadda aka kashe ba. Wannan fa a ƙasar da take alfahari da cewa ita ce uwar majalisun duniya!

Hukumar ta turo reshenta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin wani mai suna Louis Franck, ya zauna a Ikko, suka yi sansanin horo a Olokomeji. Aikinsu da ya fi shahara shi ne na daren 14 ga Janairu 1942, sa'ad da suka shiga tashar Santa Isabel a tsibirin Fernando Po, mallakar Sifen wadda ba ta cikin yaƙin, suka janyo jiragen ruwa 3 na Italiya da Jamus. Janar Giffard, kwamandan sojojin Ingila a Afirka ta Yamma, ya ƙi ba da soja, amma Gwamnan Nijeriya, Bernard Bourdillon, ya ba da jiragen ja 2 da ma'aikatan gwamnati 'yan sa-kai. Da Sifen ta yi ƙara, gwamnatin Ingila ta musanta cewa da hannunta. Wato an ɗauki kayan gwamnatin Nijeriya an keta haddin wata ƙasa da su, sannan aka yi wa duniya ƙarya.

Wa zai tambaya a nan gida? Majalisar Dokoki ta Ikko, a ƙarƙashin tsarin mulkin Clifford na 1922, zaɓaɓɓun wakilai 4 kacal gare ta, 3 daga Ikko, 1 daga Kalaba, kuma ikonta bai haɗa da Arewa ba. Gwamna shi kaɗai yake yi wa Arewa doka, sai a 1947 aka shigar da mu. Saboda haka mutumin Zagga, da ke ƙarƙashin En'e ta Gwandu, ya biya haraji, ya ga ana ɗaukar samari soja, ya sha wahalar ƙuntata iyaka, amma ba shi da wakili ko ɗaya da zai miƙe ya ce, me ake yi a bakin iyakarmu?

A nan muke so 'yan'uwa su saurara da kyau, domin akwai waɗanda suka biya wannan asiri da rayukansu. Aloysius Odervole ɗan Nijeriya ne, Turawan Ingila suka tura shi Dahomey ya samo musu labari. Mutane biyu 'yan ƙasar, Albert Idohou da Agoussi Wabi, suka taimaka masa. Aka kama su, kotun soja ta Vichy ta yanke musu hukuncin kisa, aka harbe su duka uku a Dakar ranar 10 ga Nuwamba 1941. Daga baya de Gaulle ya sa sunayensu cikin ƙungiyar girmamawa ta Abokan 'Yanci, wadda mutum 1,038 ne kawai suka shiga. Mutanen kudu ne, ba na ƙasarmu ta Dendi ba, amma iyakar da ta ci su ita ce wannan da ta biyo ta bayan Tsamiya. Faransa ta tuna da Odervole. Mu kuwa, ɗalibai nawa ne a cikin wannan ɗaki suka taɓa jin sunansa a darasin tarihi?

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a karanta sunayen 'yan leƙen asiri a zauren majalisa ana tsakiyar yaƙi ba. Wanda ya tura mutum cikin abokan gaba sannan ya tona shi, shi ne ya kashe shi. Asirin suna da na hanya da na lokacin aiki halal ne. Abin da muke ƙi shi ne asirin da ake shimfiɗawa a kan kuɗi da kan kuskure, wanda yake ci gaba shekara da shekaru bayan an ajiye makamai, domin a lokacin ba mayaƙi yake karewa ba, babban ma'aikaci yake karewa.

Tarihin Ingila ɗin ma ya nuna haka. An rufe SOE a Janairu 1946, aka ƙone takardunta da yawa da gangan, gobara kuma ta cinye wasu a ofishinta na Landan. Sai a 1958 wata 'yar majalisa, Irene Ward, ta matsa wa gwamnati lamba a kan matan da aka tura Faransa suka faɗa hannun Jamusawa, cikinsu har da wata Musulma, Noor Inayat Khan, wadda aka kashe a Dachau a 1944. Matsin nan ne ya haifar da littafin tarihin hukumar da M. R. D. Foot ya fitar a 1966. Takardun kansu ba a fara buɗe su ba sai a 1993, kuma sai a 1994 aka kafa kwamitin 'yan majalisa mai sa ido a kan hukumomin leƙen asiri, shekara 54 bayan kafa SOE.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, dabarar ba ta mutu da yaƙin ba. A zamanin yaƙin cacar baka ƙasashen Yammacin Turai suka kafa ƙungiyoyin ɓoye da za su yi tirjiya in Tarayyar Sobiyet ta mamaye su. Ta Italiya, mai suna Gladio, ta shekara fiye da 30 majalisa ba ta san da ita ba, sai da binciken wani alƙali, Felice Casson, ya tilasta wa Firayim Minista Andreotti ya amsa a Oktoba 1990 cewa akwai ta, da mutum 622 da maɓoyar makamai 139. A Suwizalan kwamitin majalisa ya gano irinta mai suna P-26, ya ce babu dokar da ta kafa ta, aka rushe ta. Mamayar da aka tanade su dominta ba ta taɓa zuwa ba, amma makaman sun daɗe binne a ƙasa, a hannun mutanen da ba wanda ya zaɓe su.

Mu dawo gida. Dokar Asirin Gwamnati tamu ta 1962 gadon Turawa ce. Hukumar tsaro ta NSO soja suka kafa ta a 1976 bayan kisan Janar Murtala, Janar Babangida ya raba ta gida 3 a 1986 da dokar soja, lokacin da babu majalisa sam. Tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike a sashe na 88 da na 89, amma sashe na 315 ya ɗauki waccan dokar soja ya kafe ta, ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Sakamakon haka mun gan shi a Afrilu 2017, da aka samu dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, hukumar leƙen asirin ƙetare ta ce kuɗin ayyukanta na ɓoye ne. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin da ake kira kason tsaro, wanda ba a bin kadinsa, ya haura dala miliyan 670 a shekara.

Yanzu kuma tun daga ƙarshen 2021 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi suke kai hare-hare a arewacin Benin, har cikin lardin Alibori da ke maƙwabtaka da mu. Hukuma za ta nemi labari a wajen masunta da direbobi da 'yan kasuwa, kamar yadda Turawa suka nema, kuma wajibi ne a taimaka, domin gidajenmu ake karewa. Sai dai yanzu muna da abin da kakanninmu ba su da shi a 1941, wato ɗan majalisa a Birnin Kebbi da wani a Abuja. Muna ba wannan taro shawara ya rubuta musu, ya tambaye su ko akwai doka rubutacciya da ta tanadi diyya ga iyalan wanda aka kashe saboda ya ba hukuma labari, da wane kwamiti ne yake duba kason tsaro a bayan ƙofa, da kuma bayan shekara nawa za a buɗe takardun. Duk amsar da suka bayar, sakataren ƙungiya ya aika wa wannan mujalla ta buga.